In Annabci Bai Cika Ba: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Ma'aunin Littafi Mai Tsarki

Duk shekara in Janairu ta kama, ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba yakan cika da tambayoyi iri ɗaya. Mutane sun kwana a sujadar daren 31 ga Disamba, wasu a majami'unsu, wasu sun leƙa Sabon Gari ko No Man's Land a nan Kano, inda aka ce wani bawan Allah zai faɗi abin da shekara ta ƙunsa, wasu kuma a waya suka gani. Sai a taho mini da su: "Malam, wannan fa?" Na gaji da ba da amsa a tsaitsaye a bakin ƙofa, ana jiran adaidaita, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Ni ba fasto ba ne, tsohon malamin makaranta ne. Na gaskata Allah yana magana da mutanensa har yau, kuma saboda haka ne ba na son a yi wasa da kalmar nan "Ubangiji ya ce".

Da me ake gane maganar da ba daga Allah ta fito ba?

Isra'ilawa ma sun yi wannan tambaya, amsarta kuwa tana Maimaitawar Shari'a 18:20-22, wadda masu riƙe da tsohon juyi suka sani da Kubawar Shari'a. In mutum ya yi magana da sunan Ubangiji, abin bai auku ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Mutumin ne ya yi ganganci, kada a ji tsoronsa.

Ku riƙe wannan ƙarshen da kyau. Musa ya san tsoro ne yake ɗaure bakin jama'a. Kowa ya ga abin bai faru ba, amma wa zai fara faɗa? Sannan ayar ba ta ba da kaso ba. Ba ta ce in ya ci bakwai cikin goma ya haye ba. A makaranta ne muke ba yaro hamsin mu ce ya wuce.

To Yunusa fa? Ai ya ce saura kwana 40 a hallaka Nineba, ba a kuwa hallaka ta ba.

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce mafakar duk wanda annabcinsa ya faɗi ƙasa. Don haka bari mu zauna a kanta.

Gaskiya ne, kwana 40 sun cika Nineba tana nan. Amma dubi abin da ya faru a tsakani. Daga sarki har talaka suka yi azumi, suka sa tsummoki, sarki ya sauko daga gadon sarauta ya zauna cikin toka, har dabbobi aka hana ci da sha. Abu ne da idon kowa ya gani. Yunusa kansa bai yi mamaki ba, haushi ya ji, ya ce tun yana ƙasarsu ya san Allah mai jinƙai ne, abin da ya sa ya gudu ke nan. Wato tun farko ya san gargaɗi ya ɗauko, gargaɗi kuwa ƙofarsa a buɗe take.

Allah da kansa ya shimfiɗa ƙa'idar a Irmiya 18:7-10, a gidan maginin tukwane. In ya ce zai tumɓuke wata al'umma, ta juyo daga muguntarta, zai fasa. In ya ce zai gina ta, ta koma aikata mugunta, zai janye alherin. Haka kuma Hezekiya: Ishaya ya ce masa ya kintsa gidansa, mutuwa zai yi. Sarki ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka, aka ƙara masa shekara 15. Amma wa ya kawo labarin canjin? Ishayan ne dai. A 2 Sarakuna 20 ma an ce bai kai ga fita daga tsakiyar fada ba aka komo da shi da sabon saƙo. Ba bayan ranar ta wuce ne ya zo yana kame-kame ba.

Don haka in wani ya fake da Yunusa, ku tambaye shi abu biyu. Maganar gargaɗi ce mai kira zuwa tuba? Wa ya tuba, yaushe, wa ya gani? Wanda ya ce wane ne zai ci zaɓe, ko ya ce wa mace za ta haihu kafin Kirsimeti, bai da hurumi a inuwar Yunusa. Babu sharaɗi a maganarsa lokacin da ya yi ta, ba zai liƙa mata shi daga baya ba.

Sukan ce, "Addu'armu ce ta kawar da masifar." Ba zai yiwu ba ne?

Zai yiwu, Allah yana jin addu'a. Amos ya roƙa sau biyu, aka fasa fara da wuta. Amma ku duba yadda wasan yake tafiya a wurin wasu: in abin ya faru, "na faɗa muku", in bai faru ba, "mun yi addu'a". Ta kowace hanya shi ne da riba. Maganar da babu yadda za a yi ta faɗi jarrabawa, ba ta ci jarrabawa ba ke nan, guje mata ta yi. Musa kuwa bai ba mu ma'auni don ya zama ado ba.

Akwai inda aka nuna mana yadda ake auna annabi a aikace?

Irmiya 28. Duk mai sha'awar wannan batu ya karanta ta sau uku. A shekara ta huɗu ta sarautar Zadakiya, a wata na biyar, wani annabi mai suna Hananiya ɗan Azzur ya miƙe a Haikali, gaban firistoci da jama'a. Ya ce Ubangiji ya karya karkiyar sarkin Babila, nan da shekara biyu za a komo da kayan Haikali da Nebukadnezzar ya kwashe, da mutanen da aka kai bauta. Daɗin ji! Wa zai ƙi?

Irmiya yana tsaye da karkiyar itace a wuyansa. Abin da ya fara cewa shi ne, Amin, Allah ya sa. Ba ya ƙyashin alheri. Sai ya ƙara da cewa annabin da ya yi albishir na salama, sai maganarsa ta cika tukuna za a san Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta a bainar jama'a. Irin abin da a yau za a ɗauka a bidiyo ya zaga duk WhatsApp kafin magariba. Irmiya bai yi cacar baki ba, ya kama hanyarsa. Sai da saƙo ya zo masa ya komo ya ce, ka karya ta itace, ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta, kuma ka sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. Hananiya ya mutu a wata na bakwai na shekarar. Bautar kuwa, shekara 70 Irmiya ya ce, ba biyu ba.

Laifin da aka kama shi da shi ya fi kuskuren lissafi. Ya sa mutane sun jingina da bangon da ba zai ɗauke su ba. Ezekiyel 13 ta kwatanta irinsu da masu shafa farar ƙasa a katangar da ba ta da ƙwari. Duk wanda ya taɓa ganin gidan ƙasa ya zube a cikin birni da ruwan Agusta, ya san shafe ba ya riƙe gini.

Amma in annabawa da yawa suka faɗi abu ɗaya, ba tabbaci ba ne?

A 1 Sarakuna 22 annabawa wajen 400 ne suka haɗa baki suka ce wa sarki Ahab ya hau Ramot-gileyad da yaƙi, nasara tasa ce. Ɗaya har ya ƙera ƙahonin ƙarfe yana nuna yadda za a tunkuyi Suriyawa. Mikaiya ɗan Imla kaɗai ya saɓa, ya sha mari, aka jefa shi kurkuku. Kalmarsa ta ƙarshe ga sarki: in ka komo lafiya, to Ubangiji bai yi magana ta bakina ba. Da kansa ya miƙa wuya ga ma'aunin. Ahab bai komo ba.

Annabi Natan ai ya yi kuskure, kuma ba a kore shi ba.

Dawuda ya ce yana so ya gina wa Allah ɗaki, Natan ya ce masa ya yi duk abin da ke zuciyarsa, Ubangiji yana tare da shi. A daren nan maganar Ubangiji ta zo masa da akasin haka, ya koma ya faɗa wa sarki duka (2 Sama'ila 7). Na farko shawararsa ce ta mutum, na biyu saƙo ne. Bai kuma ɓata lokaci wajen gyarawa ba, gaban sarki fa. Wanda yake son a yi masa uzurin Natan, sai ya yi saurin Natan.

In annabcin ya cika, shi ke nan mutumin na Allah ne?

A'a. Maimaitawar Shari'a 13:1-5 ta yi maganar annabin da alamarsa ta cika sarai, amma yana jan mutane zuwa ga waɗansu alloli. Aka ce kada a saurare shi. Yesu kuma a Matiyu 7:15-23 ya ce da 'ya'yansu za a san su, har ya ce a ranar nan da yawa za su ce sun yi annabci da sunansa, ya ce bai taɓa saninsu ba. Saboda haka ana duba koyarwa, ana duba hali: yadda yake da kuɗi, da matan mutane, da masu yi masa aiki, da wanda ya yi masa gyara.

Akwai kuma canki-canka. Wanda ya ce bana wani babban mutum zai rasu a Najeriya, za a yi gobara a wata kasuwa, kayan masarufi za su tashi, bai faɗi abin da mai shayin unguwarku bai sani ba. Da hunturu, da wayoyin lantarki a cukurkuɗe a rumfuna, wace shekara ce ba a gobara a wata kasuwa? Ya jero talatin, biyu su faɗo daidai, a yanko bidiyon biyun, ashirin da takwas su bi ruwa. Kwatanta da annabi Agabas a Ayyukan Manzanni 11:28: ya ce za a yi babbar yunwa, Luka ya rubuta cewa an yi ta a zamanin Kalaudiyas sarkin Roma, ikilisiyar Antakiya kuma ta tara gudummawa ta aika Yahudiya. Amfanin maganar ya tafi wurin mayunwata, ba aljihun Agabas ba.

Ba a ce annabcin Sabon Alkawari ya bambanta, mai yinsa yana iya kuskure ba?

Nan malaman tauhidi sun rabu, kuma ba zan ɓoye muku ba. Wasu sun ce baiwar annabci ta ƙare da zamanin manzanni. Wasu sun ce tana nan, amma mai ita yakan iya gauraya abin da aka nuna masa da tunaninsa. Sukan kawo Agabas a Ayyukan Manzanni 21, inda ya ɗaure kansa da ɗamarar Bulus ya ce Yahudawa za su ɗaure shi su ba da shi ga al'ummai, alhali sojan Roma ne suka sa masa sarƙa. Masu ja da su kuma suna cewa Bulus da bakinsa, a sura 28, ya ce an ba da shi a hannun Romawa daga Urushalima, don haka maganar ta cika.

Ko wanne ka bi, hanyar wuri ɗaya take ɓullewa. 1 Korantiyawa 14:29 ta ce biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. 1 Tasalonikawa 5:19-22 ta ce kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, amma a gwada kome. 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi. In kuwa ka yarda kana iya kuskure, to ka yi magana kamar mai iya kuskure. Ka ce, "Ina ji a zuciyata kamar Allah yana nuna mini kaza, ku auna." Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka hau bagade da muryar Ishaya, in ta kwaɓe ka sauko ka ce ai dukanmu 'yan Adam ne.

Masu sa ranar dawowar Yesu fa?

Wannan ba ya bukatar jira. Matiyu 24:36 da Markus 13:32 sun riga sun rufe ƙofar: ba wanda ya san ranar ko sa'ar. A Amurka mabiyan William Miller sun tsayar da 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye suna kuka. Harold Camping, mai gidan rediyon Family Radio, ya sa 21 ga Mayu 2011, aka cika tituna da alluna, wasu suka ƙarar da ajiyarsu wajen tallata ranar. Da ta wuce ya ce hukuncin a ruhaniya ya auku, ya matsar zuwa 21 ga Oktoba. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A watan Maris 2012 ya fito ya amsa cewa sa ranar zunubi ne. Na yaba masa a kan wannan.

Ku lura da kalmar nan "a ruhaniya". Da wuya ka ji ta kafin ranar ta zo.

Me ya sa na zaɓe suka fi yawan faɗuwa?

Domin a nan ne son zuciya ya fi kama da murya daga sama. A Nuwamba 2016 marigayi T.B. Joshua ya ce ya ga mace ta ci zaɓen Amurka. Donald Trump ya ci, maganar ta ɓace daga shafin Facebook, daga baya aka ce yawan ƙuri'un jama'a ake nufi, waɗanda Hillary Clinton ta fi samu. A 2020 kuma masu annabci da dama a Amurka suka ce Trump zai zarce, Joe Biden aka rantsar. Kaɗan daga cikinsu suka nemi gafara, irin su Jeremiah Johnson, wanda ya ce zagin da ya sha har da barazana daga Kiristoci ne, don ya amsa kuskurensa. Wannan ya nuna ba masu annabci kaɗai ke da laifi ba. Mu masu sauraro mukan fi son a ci gaba da ruɗinmu da a ce mana an yi kuskure.

A gari irin Kano kuwa, annabcin zaɓe ko na rikici ba abin wasa ba ne. Saƙon murya ɗaya ya isa ya sa a rufe shaguna, a cika tashar New Road da mata da yara. In ba ka san tushensa ba, kada ka tura.

Laifi ne annabi ya karɓi kuɗi?

Ma'aikaci ya cancanci ladansa, ikilisiya ta kula da masu yi mata hidima. Sayar da maganar Allah ne haram. Mika 3:11 ta tsawata wa annabawa masu duba don kuɗi. Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, baransa Gehazi ya bi ta a guje ya komo da kuturta. Wata tsohuwar takardar koyarwa ta ikilisiyar farko, Didake, ta ce manzon da ya nemi kuɗi annabin ƙarya ne, kuma wanda ya ce cikin Ruhu "ba ni kuɗi" kada a saurare shi.

Ni a gidana na ga wannan. Ƙanwar matata tela ce. Mijinta ya yi shekara biyu ba aiki. A wani gidan addu'a aka kira ta gaba, aka ce kafin Ista takardar ɗaukar aiki za ta zo, amma sai ta shuka iri mai zafi, abin da zai yi mata ciwo. Ta sayar da keken ɗinkinta. Na ga ranar da aka ɗora shi a bayan adaidaita, tana riƙe da ƙyallen da take rufe shi da shi, ta rasa inda za ta ajiye. Ista ta zo ta wuce. Da ta koma, aka ce mata akwai shakka a zuciyarta, ita ce ta toshe hanya. Ta zo mini da hawaye ta ce, "Yaya, ashe ni ce ban da bangaskiya?" Asarar keken ba ta ƙona mini rai kamar wannan tambayar ba. Shi ya yi maganar, ita aka bari da laifin.

Ba a ce kada a taɓa shafaffu na Ubangiji ba?

Zabura 105:15 ke nan. Karanta ayoyin da suka gabace ta, za ka ga zancen su Ibrahim ne suna yawo cikin al'ummai, Allah yana hana sarakuna cutar da su. Dawuda ya ƙi kashe Saul a kogo, amma yana fitowa ya ɗaga murya ya faɗa masa laifinsa. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Mutanen Biriya kuwa yabo suka samu don suna bin Nassi kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Tambaya ba bugu ba ce.

Shari'ar Musa ta ce a kashe annabin ƙarya. Yau fa?

Wannan hukuncin ƙasar Isra'ila ne a zamaninta. Ikilisiya ba ta da takobi. Abin da ke hannunta shi ne gargaɗi, da shaidu biyu ko uku, da sauke mutum daga bagade, da daina sauraronsa. Ba jifa, ba zanga-zanga a ƙofar gidan kowa. In akwai damfara, akwai hukuma.

Maƙwabtana Musulmi suna tambayata me ya sa muke kiran mutanen yau annabawa.

Tambaya ce mai kyau, a amsa ta da ladabi. A wurinsu annabci ya riga ya cika, an rufe ƙofarsa, don haka kalmar tana da nauyi ƙwarai a kunnensu. A Sabon Alkawari ana kiran mai baiwar faɗin saƙo don ginawa da gargaɗi da ta'aziyyar ikilisiya da wannan suna, ba wai yana kawo sabon littafi ba ne. Amma in gaskiya za a bi, yadda suke girmama kalmar ya kamata ya sa mu ji kunyar yadda ake buga ta a fosta a manna a jikin turakun lantarki.

In ya tuba, za a sake sauraronsa?

Gafara, nan take. Bagade, a hankali. Tuban kuma ya zama a inda aka yi maganar: wanda ya faɗa da lasifika gaban taro ba zai janye ta a raɗa a ofis ba. Ya ce, "Na ce Ubangiji ya ce, alhali bai ce ba." Ya mayar da abin da ya karɓa, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi. Ya zauna ƙarƙashin dattawa na wani lokaci. In ya iya wannan, ni kam zan fi amincewa da shi a kan wanda yake cewa bai taɓa kuskure ba.

An yi mini annabci a kaina. Me zan yi?

Rubuta shi a ranar, kalma da kalma, da kwanan wata da sunan wanda ya faɗa, domin bayan wata shida kai da shi duk za ku tuna shi yadda ya fi muku daɗi. Ka kai wa fastonka ko wani dattijon da ya san ka ya kuma san Nassi. Kada ka bar aiki, ko ka fasa aure, ko ka daina shan magani, ko ka ƙulla gaba da surukarka don an ce an gan ta a wahayi. In an ce kada ka faɗa wa kowa, wannan kaɗai ya isa ka faɗa.

Ni ina da wani littafin rubutu na 'yan makaranta da nake yin haka a ciki. Layi uku na ja: abin da aka ce, ranar da aka sa, abin da ya faru. Ƙanwar matata ce ta cike nata layin na ukun da hannunta, ta rubuta "bai zo ba", ta sa kwanan wata. Mijin ya sami aikin gadi daga baya, ta hanyar wani maƙwabcinsu. Keken dai bai dawo ba. Na haya take ɗinki da shi yanzu a rumfar wata ƙawarta, tana zubin adashi don ta sayi wani.